Ɗigo Biyu a Cikin Tasar Baba

Ranar wata Laraba ce bayan azahar, an gama zuba hatsi a rumbu, shekarar da nake aji huɗu a lakwal ɗin unguwarmu a Dogon Dutsi. Ina tsugune a gindin dogon yaron tsakar gidanmu, gabana kwanonin tuwo, gefena toka da rairayi da soso. Na ɗaga wata farar tasa ina juya ta a hasken rana, ina jin daɗin yadda take ƙyalli, sai a lokacin na gane wace tasa ce. Ba ta Inna ba ce. Ta Baba ce ta garaji, wadda akuya ta turo daga bisa benci ta gangaro tsakar gida, ni kuwa tun ina ƙarama ba na iya ganin kwano a ƙasa in wuce. Ɗigo biyu na jan fenti da ke cikinta, waɗanda na yi ta gurza ina tsammanin datti ne, babu su. Na ji kamar an kwara mini ruwan randa a baya.

Baba makanike ne, garajinsa rumfar kwano ce a ƙofar gida. Yayana Hamidu kuma direba ne, yana da tsohuwar bashe mai buɗaɗɗen baya da yake kai 'yan kasuwa Dogon Kiriya. Direbobin tasha suna kiranta kunkurun Hamidu, wai ranar da ta bar gari amalanke ma tana yi mata sallama ta wuce. Yaya ya yi zuciya, shi da Baba suka samo wani ƙaton moter, wato injin mota, daga ƙetaren iyaka, suka ce sai ta riga kowace mota a hanyar nan. Aka rataye shi da sarƙa a jikin ƙarafa uku, yana lilo bisa bakin motar, yaran unguwa suka bar langa suka zo kallo.

Abin da ya fi damun Baba shi ne yadda moter zai zauna. Akwai wani dogon ƙarfe a ƙarƙashin mota da suke kira karda, shi ke kai juyin moter zuwa fon, wato tulun ƙarfen da ke tsakanin tayoyin baya. Baba yakan ce, "Moter ba ya kwanciya daidai kamar tabarma. Gindinshi ya ɗan sunkuya, gwargwadon yadda hancin fon ya ɗaga." Ba shi da ma'auni sai tasar nan. Ranar Litinin suka fito da buhunan hatsi goma sha biyu suka loda wa motar, don ta zauna kamar ta ɗauki mutane, Baba ya ɗora tasa a bisa fon, ya zuba ruwa kofin shayi uku, ya ɗiga fenti inda ruwan ya tsaya gaba da baya. Sa'annan suka mayar da buhunan, Yaya yana dafe ƙugu. Na ji Baba yana gaya masa, "In suka saɓa, karda za ta yi rawa. In ta karye cikin gudu, ƙasa za ta soka, mota ta tashi da mai ita."

Wannan maganar ce ta dawo mini a gindin dogon yaro. Baba ba mai duka ba ne, amma ban taɓa ɓata masa aiki ba, kuma na tuna buhunan nan goma sha biyu. Baba da Yaya suna masallaci, Inna tana daka a bayan ɗaki. Na lallaɓa garaji, na buɗe gwangwanin fenti, na tsoma tsinken tsintsiya, na ɗiga ɗigo biyu inda nake ganin kamar nan suke. Na shafa wa bayan tasar baƙin mai, na mayar da ita bisa benci.

Washegari ba lakwal. Idon Baba ya fara rauni, saboda haka ya kira ni da sunan da yake kirana, tun da sunan mahaifiyarsa nake da shi. Ya ce, "Uwa, zo ki ara mini idonki." Ya ɗora tasa a bisa moter, ya zuba ruwa, Yaya yana sakin sarƙa kaɗan kaɗan, ni kuma aikina in faɗi lokacin da ruwa ya taɓa ɗigo biyun. Na tsaya bisa tsohuwar taya ina kallon ruwan yana rawa yana lafawa. Ya taɓa. Na ce ya kai, muryata kamar ba tawa ba. Baba ya sa aka cusa katako, ya ɗauko wutar suduri, wato walda, ya liƙe ƙafafun moter a jikin motar, har ya shafa kaina ya ce idona ya fi na Hamidu.

Kwana biyun da suka biyo ban san yadda na yi su ba. A aji mushe, malaminmu, ya tambaye ni lissafi sau biyu ban ji ba. A rijiya na saki guga da igiyarta, sai da aka nemo ƙugiya. Ƙawayena suka kira ni carafke, duwatsun suka yi ta zubewa daga hannuna. Inna ta taɓa goshina ta ce ko iska ce ta shafe ni a hanyar rijiya, ta turara mini wani itace. Ni kuwa duk inda na juya Yaya nake gani, yana wanke gilashi yana waƙa, yana ce mini in ya dawo zai sayo mini awarwaro. Ina ta gaya wa kaina ƙila na dace, ƙila ɗigon nawa ya sauka daidai. Sai wata zuciya ta ce, in bai sauka ba fa?

Asabar da hantsi aka ce za a gwada motar a kan gudron, wato titin kwalta. Direbobin tasha uku suka zo, ɗaya yana tambaya ko an sa wa kunkuru fukafukai. Yaya ya shiga ya murɗa makulli, ƙarar ta kori kajin Inna har bayan rumbu. Ban san lokacin da na kama murfin ƙofarsa da hannu biyu ba. Ya ce in saki, na ƙi. Baba ya matso yana goge hannu da tsumma.

"Mi ya faru, Uwa?"

"Baba, na wanke tasar. Ɗigon da kuka auna da shi, ni na yi shi da tsinke."

Baba ya miƙa hannu ta taga ya kashe motar. Direbobin suka yi dariya, ɗaya ya ce ashe babban makaniken gidan ɗiya mace ce. Baba ya sallame su, ya ce a buɗe rumbu. Aka sake fito da buhunan ɗaya bayan ɗaya cikin rana ana loda wa motar, ina tsaye ina kuka ba mai kallona. Baba ya ɗora tasa a bisa fon, ya zuba kofi uku, ya kira ni in duba. Ruwan ya wuce ɗigona na baya da kaurin karan dawa, na gaba kuwa bai kai shi ba. Na faɗa masa. Yaya ya sunkuya ya leƙa, ya tashi ya jingina da mota, bai sake waƙa ba ranar.

Yini biyu suka yi suna yanke abin da suka liƙe. Da aka zo sake aunawa na ɓuya a ɗakin Inna, amma Baba ya aiko a kira ni. Ya ce, "Wanda ya hwaɗi gaskiya tun mota ba ta tashi ba, shi nake so ya duba mini ruwa." Na hau tayar. Wannan karon sai da na sa Yaya ya ɗaga ya sauke har sau biyar kafin in ce ya kai.

Motar ta yi shekaru tana gudu, Yaya yana nan da ransa, da furfurarsa da jikoki. Baba ya rasu, inda rumfar take yanzu shagon sayar da katin waya ne. Kwanan baya na ga wani saurayi a garaji ya ɗora salularsa a bisa moter, ta nuna masa lamba, ya ce a liƙe, bai kira kowa ya duba masa ba. Na san ta fi idona gani. Amma na daɗe a tsaye a bakin titin, ina jin da ma a sake kirana in hau taya, ko da tsoron ne.