Kuve Zira Biyu a Rumbu Ɗaya

Ƙarfe bakwai da kwata na yamma ake fara tatsuniya a gidanmu na Yelwa, bayan an kwashe kwanukan tuwo. Mu huɗu ne: Kaka, yayata Masi, ni Tumba, da Baba yana gyangyaɗi a kujerarsa. Kaka takan tura itace cikin murhu ta ce, "To, ga ta nan. Kunne a buɗe, baki a rufe."

Wadda ban manta ba ita ce ta tsohuwar da ke ajiye wa ƙauye irin shuka. Kowane gida da gorarsa, a jere cikin rumbu, tana taɓa kowace tana kiran sunan mai ita. Mu mutanen Michika suna yana bin haihuwa: ɗan fari Tizhe, na biyu Zira, na uku Tumba; 'yar fari kuwa Kuve. Wata rana tsohuwar ta kira Tizhe sau biyu, ta ɗauka mutum ɗaya ne, sai ta juye gora biyun wuri ɗaya. Da damina ta faɗi, Tizhe na farko ya kwashe duka, na biyu ya koma hannu wofi.

Na ce, "Kaka, daga nan fa?"

"Daga nan me, sarkin tambaya? Gonarsa ta haifi ciyawa. Suna ba shaida ba ne."

Kaka ta daɗe da rasuwa lokacin da rikici ya kori mutane daga ƙauyuka. Da aka dawo, aka ɗauke ni aikin shigar da sunayen waɗanda za a raba wa iri a kwamfuta. Rumbun bayanai ake kiran abin, sharuɗɗansa uku ne. Na ɗaya, kowane mutum da layinsa. Na biyu, kowane layi da gurabunsa: suna, unguwa, yawan iyali. Na uku, kowane layi da lambar da babu mai irinta. Na ukun nan na raina.

Na ga Kuve Zira sau biyu, duk daga Mayo Bani. Na ɗauka maimaici ne. Ban duba lamba ba, na goge ɗaya.

Ranar rabo wata dattijuwa ta tsaya gabana, ta ce ita ce Kuve Zira. "Ɗana, sake dubawa. Da bakina na ba ka sunana."

"Mama, an riga an karɓa," na ce, har da tsawa.

Ta naɗe buhunta ta tafi. Bayan kwana biyu na buɗe takardun da aka fara rubuta sunayen da hannu: mace daban ce, mijinta ya rasu, yara shida. Ruwa kuwa ya riga ya sauka. Sau uku na je Mayo Bani, aka ce ta tashi.

Mai karatu, in ka san Kuve Zira mai yara shida, ka gaya mata Tumba ne ya goge ta. Na mayar da layinta. Buhun iri yana ɗakina, ta zo ko ta aiko.