Badaru Nagoggo da Tobon Motar Alhaji

Ranar da Alhaji Ɗanmaliki ya ci mutuncin Badaru Nagoggo, an wayi gari da yayyafi irin na watan Agusta, wanda ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Bakin titin Kankiya duk ya caɓe. Direbobin tasha sun taru a rumfata suna fakewa. Ni facin taya nake yi, sunana Dabo, kuma tsakanin rumfata da garejin Badaru bishiyar darbejiya ce kawai. Shekara ashirin da uku muna maƙwabtaka, don haka abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Badaru ɗan Fakuwa ne. Uwarsa ta rasu yana goye, goggonsa ta raine shi, sunan ya bi shi har girma. Noma bai karɓe shi ba, sai ya tafi Kano ya yi shekara tara a ƙarƙashin motocin mutane, ya dawo da akwatin sifana da kunne mai kyau. Yakan ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya kafa kunnensa a ƙota, ya rufe ido, ya gaya maka abin da ke damun motarka. Halinsa ɗaya ne mutane suke kuka da shi: ba ya ba da haƙuri a kan abin da bai yi ba, ko da maganar za ta mutu da kalma ɗaya.

Shi kuwa Alhaji Ɗanmaliki babban ɗan kasuwar hatsi ne a Kusada. Kafin Allah ya buɗa masa, ya yi shekara ashirin yana jan Fijo tsakanin Katsina da Kano, shi ya sa har ya yi arziki bai yarda wani ya tuƙa shi ba. Shekara uku da suka wuce ya sa aka kawo masa wata baƙar mota ƙirar Jamus daga Kwatano, mai ƙofa huɗu, kujerun fata, salansa biyu, ta yi ƙasa kamar za ta kwanta a kan kwalta. Injinta yana da abin da makanikai ke kira tobo. Badaru ya nuna mani shi: wani ƙarfe ne mai siffar katantanwa, da 'yar fanka a ciki. Hayaƙin inji ne ke juya fankar, ita kuma ta dinga cusa wa injin iska, sai ƙaramin inji ya yi ƙarfin babba.

Wata huɗu da zuwanta ta fara hayaƙi, ƙarfinta ya tafi. Mutane suka ce motar kwamfuta ce, sai Kano ko Kaduna. Badaru ya saurare ta ya ce tobo ne ya ƙone. Ya je Kano da kansa ya zaɓo wani, ya ɗaura, ya canza baƙin mai. Da ya gama sai ya leƙo rumfata ya ce, "Baba Dabo, ajiye famfon nan, taho ka ji abin da ake ce wa mota."

Muka hau hanyar Gidan Mutum Ɗaya. Da farko shiru, ko ƙarar inji ba na ji. Da muka fita gari ya taka ta, sai wani siririn fito ya taso daga gaba, na ji kamar an kama ƙirjina an manna da kujera. Kafin in gama salati allurar gudu ta wuce ɗari da tamanin. Gonakin gero suka koma zane ɗaya kore. Muka wuce wata tirela kamar a tsaye take. Na ce, "Badaru, ina da jikoki!" Ya yi dariya ya taɓa birki, ta lafa ba tare da ta karkata ko'ina ba. Tun da nake taɓa tayoyin motoci ban taɓa shiga irinta ba.

Da Alhaji ya zo karɓa, Badaru ya ce masa, "Alhaji, in ka yi gudu da ita, ka bar ta ta ɗan yi aiki a hankali, ta huce, kafin ka kashe." Alhaji ya ce, "Ni za ka koya wa mota? Kana tallan goro nake cin taya a hanyar nan."

Sati bakwai bayan haka shi ne ranar yayyafin. Alhaji ya tsaya da motar tana tuttuɗa hayaƙi, ya fito bai ko yi sallama ba.

"Ina ɓarawon bakaniken nan? Kai, tsohon ƙarfe ka wanke ka ɗaura mani! Ku direbobi ku shaida, wannan ba ya iya komai sai kwance amalanke."

Badaru ya fito daga ƙarƙashin wata bas, ya goge hannu a tsumma, ya ce, "Abin da na ɗaura maka mai kyau ne. Wani abu ne ya kashe shi, kuma ban san ko mi ne ne ba tukuna."

Alhaji ya yi tsaki ya ja motarsa zuwa Kano, aka sa masa tobo na uku.

Maganar mai kuɗi tana da ƙafa. Cikin wata ɗaya garejin ya yi tsit. Direbobin da Badaru ya yi shekaru yana tayar wa da mota a tsakiyar hanya suka riƙa wucewa suna kau da kai. Har Kunduru aka kai labarin wai yana sayar da tsohon kaya a matsayin sabo. Sada, shugaban direbobin tasha, ya zo ya zauna a bencina ya kira shi.

"Nagoggo, ka shirya in raka ka Kusada ka ba shi haƙuri. Magana ta wuce, aiki ya dawo."

"Haƙurin mi, shugaba? In na ba da haƙuri na yarda ni ɓarawo ne ke nan. Gara in koma Fakuwa in ɗauki fartanya. Kusada kam zan je, amma ba roƙo zai kai ni ba."

Washegari da la'asar ya goya ni a babur. Muka zauna a dakalin da ke kallon ƙofar gidan Alhaji, inda mutanensa suka shimfiɗa tabarmi suna jiransa. Ba a daɗe ba sai ga baƙar motar ta shigo da gudu, ta ci birki. Kafin ya kashe, sai Alhaji ya danna totur har ƙasa, sau uku, injin ya yi kururuwa, yana cikin kururuwar ya murɗe makulli.

Duk tsohon direban Fijo haka yake yi. Ni ma na girma ina ganin haka. Wai don mai ya kwana a kafireta, inda yake haɗuwa da iska kafin ya shiga inji, mota ta tashi bugu ɗaya da safe. Babu wanda ya ɗaga kai a cikin mutanen nan, don abin ba baƙo ba ne. Badaru ne kawai ya miƙe zumbur.

"Kowa ya yi shiru! Ku saurara!"

Inji ya mutu, amma a ƙarƙashin bonet wani fito yana ci gaba, yana raguwa a hankali, da ɗan ƙarar gogar ƙarfe a ƙarshensa.

Alhaji ya fito ya gan shi. "Au, haƙurin ne ka kawo?"

"Ranka ya daɗe, labari na kawo maka. Ka ji fiton nan? Tobo ne yake juyawa babu mai. Ka zuga shi har ya kai ƙarshen gudunsa, sannan ka kashe injin da ke ba shi baƙin mai. Kullum haka kake mata, safe da yamma. Wannan motar ba ta da kafireta, Alhaji. Ƙafarka ce ta cinye na Kwatano, ta cinye nawa, kuma ga ta tana cin na Kano."

Wani daga cikin 'yan tabarma ya ce, "Kai, ka san da wa kake magana?"

"Na sani mana. Da direban Fijo."

Alhaji ya nuna masa hanya da makulli. "Fitar mani daga ƙofar gida!"

"Zan tafi. Amma ranar da ta sake hayaƙi, ka tuna inda ka tsaya ka kira ni ɓarawo."

Muka hau babur muka kama hanyar gida. Na san Alhaji ba zai daina ba, don in ya daina a gaban mutanensa ya yarda ke nan.

Ana cikin yankan gero motar ta tsaya masa a kusa da Kankiya. Aka ce da ya buga wa makanikan Kano waya, sun yi masa tambayar yadda yake kashe ta, sai ya kashe wayar. Sai ya aiko Sada, wai a gaya wa Badaru ya zo ya duba, abin da ya wuce ya wuce.

Badaru ya ce, "A wurinsa ya wuce. Ka gaya masa ya zo nan, ƙarƙashin darbejiyar nan, ranar da tasha ta cika. Abin da ya faɗa da ƙarfi, ya warware shi da ƙarfi. In ba haka ba ko bonet ba zan ɗaga ba."

Kwana goma sha ɗaya motar tana ajiye an lulluɓe ta da tamfol. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci sai ga ta an jawo ta da igiya, Alhaji a ciki yana riƙe da sitiyari. Direbobi suka taru. Ya fito, ya gyara hula, ya dubi ƙasa, ya ce, "To, an ce ƙafata ce."

Badaru ya ce, "Wa ya ce, Alhaji? Na baya ba su ji ba."

Alhaji ya ɗago, idonsa ya yi ja. "Ni na ce! Kayan da ya sa mani mai kyau ne. Ƙafata ce. Shi ke nan?"

"Shi ke nan," in ji Badaru. Ya juya ya ɗauko akwatin sifana.

Ba duk direbobin ne suka dawo ba. Wasu kunya ta hana su, wasu sun riga sun saba da wani wuri, kuma Badaru bai bi kowa ba. Motar tana nan a Kusada da tobo na huɗu, shekara biyu ke nan ba ta yi hayaƙi ba. Badaru yana nan Kankiya a garejinsa. Gwiwa ta fara damunsa, ba ya iya daɗewa a ƙarƙashin mota kamar da, amma yana buɗewa kullum ƙarfe bakwai, ban da Juma'a da sai da hantsi yake buɗewa.