Ranar da Aka Rufe Baba A-Hankali a But

Baba A-Hankali direba ne, bai kuma taɓa zama wani abu ba sai direba. Yaran gidan ne suka laƙaba masa sunan, don idan yana tuƙi, mai keke ma yakan wuce shi ya waiwayo ya tambaye shi ko lafiya. Shekara talatin da ɗoriya yana aiki a gida ɗaya. Da maigidan ya rasu, babban ɗansa ya gaji gidan da motar da Baba gaba ɗaya. Yaron da Baba yake kaiwa makaranta yana share masa majina, yau shi ne Yallaɓai. Baba da matarsa suna zaune a wani ɗaki a bayan gidan, ɗakin kuwa na wanda ke riƙe da makullin mota ne.

Sai motar ta tsiro da wani hali. A ajiye ta lafiya lau, gari ya waye a murɗa makulli, ta yi ƙyas-ƙyas ta yi shiru. Aka sa sabon batir, shi ma bai yi mako ba ya kwanta.

"Baba, mantuwa kake yi," in ji Yallaɓai. "Ko fitila ko rediyo, akwai abin da kake bari a kunne. Shekaru ne, ba laifinka ba ne. Amma in ta sake, sai dai a nemo wanda zai karɓe ka."

Da zaginsa ya yi, da ya fi wa Baba sauƙi. Tun daga ranar, in ya ajiye mota sai ya shafa kowane makunni, ya kulle, ya tafi, ya dawo ya sake shafawa.

"Malam, ka tofa mata addu'a ka zo ka ci abinci," matarsa takan ce.

Motar ta sake mutuwa. Baba ya roƙi a kai ta gun mai gyaran wayar mota kafin a yanke masa hukunci. Aka tura ta tashi, Yallaɓai da kansa ya bi su garejin wani ƙato mai tumbi da ake kira Tartsatsi.

Tartsatsi ya kashe komai, ya cire waya ɗaya daga kan batir, ya haɗa wani ɗan ƙwan fitila tsakaninsu. Ƙwan ya kama.

"Kun gani? Mota tana barci, wani abu yana shan wuta. Ɓarawon yana ciki."

Ya shiga zare fis ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan na fitilun ciki, ƙwan ya mutu. Ya mayar da fis ɗin, ya duba fitilar saman kai, a kashe take. Saura ta but, wurin kaya na bayan mota, wadda ba mai sanin halinta in an rufe.

"Sai mu kunna bidiyo a waya mu rufe ta a ciki," in ji Tartsatsi. "Ni dai tumbina ba zai shiga ba."

"Ba wayar aka ce ta tsufa ba," in ji Baba. "Ni aka ce. Idona zai gani."

"Haba Baba!" in ji Yallaɓai.

Tuni Baba ya cire hula ya miƙa masa. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya huta, ya jawo ɗayar da hannu, ya naɗe kusa da tayar safaya kamar tsohuwar tabarma. Aka rufe.

A ciki akwai zafi da warin roba. Fitilar kuwa tana ci tar, dab da hancinsa. Baba ya kalle ta, hawaye suka zo masa.

"Tana ci!" ya yi ihu yana dukan murfin. "Wallahi tana ci!"

Aka buɗe. Tartsatsi ya nuna ɗan makunnin da murfi ke dannawa, ya lanƙwashe, murfin ba ya kaiwa gare shi. Aikin minti kaɗan ne.

Fitowar ce ta gagara. Gwiwa ta ƙi miƙewa, baya ya riƙe, numfashi ya sarƙe. Baba ya yunƙura ya koma, ya sake yunƙurawa, makanikai suka daina dariya. Sai da Yallaɓai da Tartsatsi suka ciccibo shi suka zaunar a kan benci, hannuwansa suna rawa har ruwan da aka ba shi ya zube a riga. Yallaɓai ya daɗe yana kallon hannuwan nan, ya sa masa hularsa da kansa.

"Ka yi gaskiya, Baba, ka yafe mini. Kawo makullin, ni zan ja mu gida."

Karon farko ke nan da Baba ya zauna a kujerar baya. Makullin bai dawo hannunsa ba.

Bayan mako guda sabon direba ya zo, da iyalinsa. Da safe Baba yana zaune a kan tabarma a bakin ƙofar ɗaki, ya ji an murɗa makulli. Taɓawa ɗaya motar ta tashi.

"Kin ji ko?" ya ce wa matarsa. "Ba ni ba ne."

"Na ji, Malam," ta ce. "Ɗaga ƙafarka in naɗe tabarmar."