Sakiyar da aka yi wa Baba Wanzami a Masar

Allahu Akbar! Jama'a, da safen nan ina ɗaura takalmi zan tafi aiki waya ta shigo daga Masar. Ƙarin da ke hantar Baba Wanzami ya mutu!

Duk ɗan Gummi ya san Baba. Shi ya yi mini kaciya, shi ya aske kan duka 'ya'yana ranar suna. Lokacin da ƙafar Inna ta kumbura ya hau kekensa cikin ruwan sama ya zo, ya duba, ya ce, "Wanga ba nawa ba na, ku kai ta asibiti." Bai taɓa yin ƙarya don a ce ya iya ba.

To ni ne na ga abin. Ina aikin ɗaukar hoton ciki a asibiti a Anka, aka kawo shi yana ramewa. Na aza na'ura a cikinsa, sai ga dunƙule a hanta kamar goro. Ban iya kallon idonsa ba. Ya ce, "Ɗana, hwaɗi mini, ni ma na sha ba mutane labarin da ba su so."

Ɗansa da ke karatu a Masar ya nemo likitoci, ya ce a kawo shi kafin abin ya girma. Baba ya ce atafau, wuƙa ba ta taɓa cikinsa. Mutumin da ya shekara arba'in yana tsaga mutane! Na ce lallai wanzami ba ya son jarfa. Bai yi dariya ba, ni kuma tsoro ya kama ni, don sati yana bin sati.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a zaurensa ce, yana wasa aska. Na ce, Baba, ba yanka za su yi ba. Allura ce siririya za su soka ta fata, suna kallon hoto a na'ura har bakinta ya shiga tsakiyar ƙarin. Sai su zura wani zare na gilashi, hasken leza ya bi ta ciki, zafinsa ya ƙone ƙarin a inda yake.

Ya ajiye askar.

"Kai yaro! Ka tsaya kana ta kewaye-kewaye, ka ce mini sakiya ta mana! Mu da ƙarhe mai zahi mu kai, muna lalube. Su suna ganin ciki? To ai sun hi mu. Mu tahi."

Aka kai shi Masar, aka yi aikin. Yau an sake hoto, likitoci sun ce wurin ya ƙone tas. Ɗansa ya miƙa masa waya, ina kuka kamar yaro, shi kuwa faɗa yake, wai sun rufe shi da ƙyalle sun hana shi ganin aikin 'yan uwansa masu sakiya.

Likitoci sun ce ciwon nan yakan dawo, za su ci gaba da dubawa. Don haka duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa Baba a addu'a. Ya Allah, Kai Ka warkar, Ka cika masa lafiyar nan, Ka dawo mana da shi gida da ƙafafunsa.

Baba ya kuma ba ni saƙo: kada ɗan Gummin da ya kai kansa wurin wani wanzami, kowa ya haƙura da sumarsa, yana nan tafe.

Ku ce amin.