Harshen Munkaila a Fadamar Dungu

Munkaila taubashina ne, saboda haka in kun ji na yabe shi, ku san abin ya kai, don tun muna yara aikina tsokanarsa. Ba shi da garka ko ɗaya a fadamar Dungu, amma duk kamiyon raken da zai tashi daga can ya biyo ta Matamaye, da bakinsa ake lodinsa. Zai shiga garka ya sare kara guda, ya fere, ya tsotsa, ya ce "ya nuna" ko "a ƙara masa kwana." Fatake ba sa yi masa musu. Ni kuwa nakan ce shi kaɗai na sani wanda kwaɗayi ya zame wa sana'a.

Shekarun baya fitsarin jini ya kai shi asibiti a Damagaram. Aka ga ciwon daji a ƙodarsa ta hagu, aka cire ta. Ya warke sarai, har ya watsar da awon da aka ce ya riƙa komawa. Sai bara waccan ya soma rama, idonsa ya yi ɗorawa. Kowa ya ce shawara ce, maganin shawara a wurinmu kuwa rake. Mutumin da ya ƙoshi da rake tun yana saurayi, shi dangi suka yi ta kawo wa dami-dami. Matarsa Hawa ce ta ce ita idon nan bai yi mata ba, ta tasa shi gaba zuwa Damagaram. Daga hoton ciki aka tura shi Yamai, can kuma ni na raka shi.

Can aka ciri ɗan nama aka auna. Likita ta zaunar da mu ta ce ciwon ƙodar nan ne ya ɓuya shekara da shekaru, ya ɓullo a pankireyas, wata tsoka a bayan tumbi mai daidaita sukarin jini. Ya kama wuri fiye da ɗaya, sai an cire ta duka.

"Baba, in an cire, allura ce kullum har ƙarshen rai," in ji ta. "Rake kuma ka yi ban kwana da shi."

Ni dai na san ba ya da wata sana'a. Shi ko sai ya ce, "Shan ne aka hana, ko har taɓawa da harshe?"

Ta ce haɗiyewar ce matsala.

"To, a yi aikin."

Ya dawo gida kamar sillen kara. Hawa ta binne ƙaramin tulu cikin jiƙaƙƙen rairayi a gindin randa, nan allurar insilin ke kwana don kada zafi ya lalata ta. Da hannunsa yake caka wa kansa, bai taɓa yamutsa fuska a gabana ba. Abin da ya ci masa rai shi ne zancen tasha, wai harshen Munkaila ya mutu tare da abin da aka cire. Wannan magana ta yi mini zafi fiye da shi.

Da lokacin saran rake ya kama, Alhaji Zainulabidin, babban farke daga arewa, ya iso da kamiyo. Ya aika a kira Munkaila, ina jin don kunya kawai. Muka tafi tare garkar da zai yi lodi. Mai garka ya riga ya tara masu sara, yana rantsuwa rakensa zuma ne.

Munkaila ya sare, ya fere, ya gatsa. Ya tauna ya daɗe, idonsa a rufe. Na ga maƙogwaronsa yana motsi, na zaci haɗiyewa zai yi. Sai ya juya ya tofar da shi tas a ƙasa.

"Bai nuna ba, Alhaji. Ruwa ya fi zaƙin yawa."

Mai garka ya ce, "Alhaji, za ka bi maganar wanda ko haɗiyewa ba ya yi? Ga shi nan, ɗanɗana da kanka."

Alhaji ya karɓi karan da aka miƙa masa, ya jujjuya shi a hannu. Ya dubi Munkaila, wanda ke kurkure baki da ruwan buta. Alhaji bai kai raken baki ba. Ya jingina shi da shinge, ya ce wa direba ya tada mota, sai ranar da Munkaila ya ce a dawo.