Kaset Ɗin Da Na Ƙi Bayarwa

Ranar wata Laraba ce, a ƙarshen daminar shekarar da na shiga aji biyar na firamare. Ina tsugune a tsakar gidanmu a Haɗeja ina gyaran tarwaɗa, ƙudaje sun dame ni, sai ga sallamar Kawu Modu, ƙanin mahaifiyarmu, direban babbar motar da ke kai tattasai da bandar kifi Kudu. Ko ruwa bai sha ba ya sa hannu a aljihu ya zaro wata 'yar na'ura ruwan toka, girmanta bai wuce tafin hannun babba ba, gefenta ya tsage an naɗe da salatif. A wajen masu kayan gwanjo ya samo ta, da kaset guda ɗaya a bayanta. Ya ce, "Ga gem nan, ke da yayanki Bukar. Kada in ji faɗa." Na goge hannuna a zane na karɓa, ƙarnin kifi bai bar madannanta ba sai da aka kwana biyu.

Wasan da ke cikin kaset ɗin na wani ɗan mutum ne mai ƙaton kai, an kulle shi a gida mai hawa-hawa. Ba shi da bindiga, bai iya naushi ba, tsallensa ma ɗan kaɗan ne. Abin da ya iya kawai shi ne tura dutse, hawa tsani da ɗaukar mabuɗi. Sai ka cike rami da dutse kafin ka wuce, sai ka ɗora wani a kan wani kafin ka kai ga tsani, kuma in ka kuskura ka tura dutsen lungu, shi ke nan, sai ka sake daga farko. Da yamma Yaya Bukar ya fita da shi gindin bishiyar maina da ke ƙofar gidanmu, inda samarin unguwa ke taruwa bayan sun gama langa. Ya zaga hannu-hannu, kowa ya danna ya taɓe baki. "Ina abokan gāba? Wa ake duka?" in ji ɗaya. Wani ya ce wannan ai dakon duwatsu ne, in dako yake so ya tafi kasuwa. Kafin magariba sun yanke hukunci: wasan banza ne.

Ni kuwa ya shiga raina. In na gama surfe da wanke-wanke, na cika randuna, sai in laɓe bayan rumbu in kunna. Abin da suke kira sanyin wasan shi nake so. Ba wanda ke korata, ba wanda ke yi mini tsawa in yi sauri. Zan zuba wa ɗakin da ke cikin wasan ido har sai hanya ta bayyana, sannan in motsa. In batir ya yi sanyi sai in shanya shi a kan kwanon ɗaki, rana ta gasa shi, ya ƙara mini ɗan lokaci.

Rigima ta taso ne ranar da Yaya Bukar ya raka abokinsa kafe, shagon intanet, duba sakamakon jarrabawa. A can suka buga sunan wasan a kwamfuta, ya dawo yana baza kafaɗa. Ya ce Turawan da aikinsu ke nan, su gwada wasa su yi masa maki, su ma sun ce ba shi da daɗi: yana da nawa, yana da wahalar banza, kiɗansa kuma guda ɗaya ne yana ta maimaituwa. Ya ce ya riga ya shirya da wani yaro a bayan tasha, za su yi musaya da kaset ɗin ƙwallo. Na zare kaset ɗin, na ƙulle shi a bakin zanena, na ci gaba da tankaɗe. Ya lallashe ni, ya yi mini alkawarin rake, ya dawo yana cewa zai fasa mini baki. Na ce ya fasa.

Maganar ta kai gaban Baba bayan la'asar, yana zaune a zaure yana ɗinkin buhunan shinkafa. Yaya Bukar ya zayyano hujjojinsa, har da sunayen ƙasashen masu makin. Baba ya juyo ya ce, "Ke fa, Falmata?" Ban taɓa ja da yayana a gaban Baba ba, amma na buɗe baki. Na ce, "Baba, su sun buga nasu sun ce ba daɗi. Ni na buga nawa, da daɗi. Ko sai sun yarda sannan zan ji daɗin?" Yaya Bukar ya ce mece ce ni da zan fi Turawa sani. Na ce ban fi su sani ba, amma ba da bakinsu nake cin tuwo ba. Baba ya sunkuyar da kai kan buhunsa, ina jin dariya yake ɓoyewa. Sannan ya ce tunda Modu ya ba mu mu biyu, to a raba: na'ura ta Bukar, kaset na Falmata.

Haka muka zauna, shi da gem ba wasa, ni da wasa ba gem. Ya ɗauka kwana ɗaya zan yi in kawo kaina. A lokacin shinkafa ta fara nuna a fadama, tsuntsaye jan-baki suna saukowa kamar hayaƙi, aka tura ni kora tare da ƙawata Ladidi. Mu tafi da sassafe, mu bi ta gefen ciyawar kacalla, ruwa har gwiwa, mu hau rumfar da aka kafa a tsakiyar gona, muna jan igiyar gwangwanaye muna ihu har murya ta dishe. In rana ta take, tsuntsaye suka lafa, sai in sauko in zana a taɓo ɗakin da na maƙale a cikinsa, wanda ke da ramuka biyu da tsani a can sama. Na haddace shi kaf. Ɓawon katantanwa ne duwatsunmu, ɗan kara shi ne mai ƙaton kai. Ladidi, wadda ba ta taɓa riƙe gem ba, ta fi ni gardama. "Kin tura shi lungu, sake!" Muka yi ta yi, kwana da kwanaki, har wata rana ta ce a fara zubar da dutsen sama ta baya, a bar na gaba. Muka gwada a taɓo, hanya ta buɗe. Muka yi ta tsalle da shewa, tsuntsayen gonar maƙwabta ma sai da suka tashi.

Yaya Bukar ne ya fara gajiya. Samarin gindin maina sun sa shi gaba da tsiya, wai yana yawo da akwati ba kaya. Wata rana ya kawo mana abinci gona, ya ajiye kwanon fate, ya ajiye na'urar kusa da shi, yana kallon wani wajen. Na kwance bakin zane na zura kaset. A gabansa na wuce ɗakin nan ba kuskure ko ɗaya, na miƙa wa Ladidi ta shiga na gaba. Ya daɗe yana leƙe ta kafaɗarta, sannan ya miƙe ya kaɗe wando ya ce, "Har yanzu dai wasan banza ne." Na ce, "Na ji. Ka dawo da yamma ka karɓi gem ɗinka." Bai taɓa janye maganarsa ba, ni ma ban janye tawa ba. Daga baya ya samo kaset ɗin ƙwallonsa ta wata hanya, mu kuma 'yan mata muka gama namu kafin a gama sussuka.

Yanzu ina da 'ya'ya, kuma wayata cike take da wasanninsu. Kafin su sauke wasa sai sun duba taurarin da aka ba shi, in ba su da yawa ko taɓawa ba sa yi. Wani lokaci ina tausaya musu, don an ɗanɗana musu komai tun kafin ya kai bakinsu. Kwanan baya na sa babbar ta nemo mini tsohon wasanmu. Sharhin yana nan yadda aka faɗa mana, da 'yan tsirarun mutane a ƙasa suna kare shi da harsuna iri-iri. Na karɓi wayar na ƙara nawa da Hausa: mun buga shi a Haɗeja, kuma yana da kyau. 'Yata ta ce ba wanda zai karanta. Na ce ta bar shi a nan. Abin da na so, ni na so shi.