Rediyon Tsohon Tungan Magajiya

Maigidan da ya koya mini gyaran rediyo ya sha faɗa mini: ba a gwada tiransista tana zaune a kan fanel, wato allon da kayan cikin rediyo ke manne a kai. Sai ka narka dalma ka zare ƙafafunta uku, sannan ka ɗora mata mita. In ba haka ba, kayan da ke kewaye da ita za su sa mita ta yi maka ƙarya. Na san wannan sarai. Amma lokacin na buɗe rumfata a kasuwar Kontagora, kaina ya kumbura, ina ganin wannan aikin 'yan koyo ne.

Wata ranar kasuwa wata tsohuwa ta zo daga Tungan Magajiya da rediyon mijinta ƙunshe a zani. Ta ce ƙafafun mijin sun mutu tun bara, in kowa ya tafi gona rediyon ne abokin hirarsa.

"Ɗana, tun da abin nan ya yi shiru tsohon bai ƙara cin abincin kirki ba."

"Zauna, Inna. Kafin motarku ta cika an gama."

Na dangwala mita a kan fanel, allura ta harba, na ce tiransista ta mutu. Na cire na sa sabuwa. Shiru. Na cire ta biyu, shiru. Ni kuwa Allah Ya yi ni da saurin hawa. A ta uku na danna ƙarfen dalma da haushi, layukan tagulla suka ɗaye kamar ɓawon rogo. Fanel ya tashi aiki, kuma ni na kashe shi.

Ko kunya ban ji ba na ce mata ruwa ne ya shiga ya cinye cikinsa. Ta ɗaure rediyon a zani, ta zuba mini gyaɗa a tebur, wai ladan wahala.

Bayan tafiyarta na gwada ukun nan yadda aka koya mini. Lafiyarsu ƙalau. Ina share tebur na tsinci guntun wayar batir, tsatsa ta gutsure ta. Cutar ke nan gaba ɗaya, aikin minti biyu. Wallahi gyaɗar nan kasa ci na yi.

Na gyara wani rediyo na ajiye mata. Motar Tungan Magajiya ba ɓoyayya ba ce, da na ba direba da ya kai. Amma aikawa amsa laifi ne, sai na yi ta cewa bari dai ta zo.

Sai bayan girbi ta biyo. Tun kafin in miƙa hannu in ɗauko mata rediyon ta ce:

"Tsohon ya bar saƙo a gode maka. Ya ce wani da sai ya yi ta juya mu, kai kuwa ka faɗi gaskiya."

"Yaya jikin nasa, Inna?"

"Ai ya huta, ɗana. Gobe kwana arba'in."

Na ce Allah Ya ji ƙansa, na mayar da hannuna aljihu.